Fim Ɗinka Kan Yaro Da 'Yan Bangar Siyasa: Inda Labarin Ya Kuɓuce Maka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Na rubuta labarin fim kan wani maraya ɗan shekara 16 da ya faɗa hannun 'yan bangar siyasa gab da zaɓe. Yana da aboki Kirista tun ƙuruciya, ɗan Kakuri. Wani ɗan siyasa ya cusa masa ƙiyayya, rikici ya ɓarke, aka kashe abokin, a ƙarshe yaron ya tuba ya yi wa matasa nasiha a bakin kabari. Duk wanda na ba ya karanta sai ya ce saƙon ya yi kyau, amma labarin bai kama shi ba. Ina matsalar take? Kuma ya dace in ambaci sunan jam'iyya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta shafukan da ka aiko har sau biyu. Waɗanda suka ce labarin bai kama su ba gaskiya suka faɗa maka, ka riƙe su da kyau, don masu karanta rubutun aboki su faɗi haka ba su da yawa.

Matsalar ta fara ne a shafi na 9, inda ɗan siyasar ya fara fitowa. Ka sauko da shi daga baƙar jif, da baƙin tabarau, yana muzurai, kuma maganarsa ta farko ga yaran ita ce, "Waɗancan mutanen maƙiyanmu ne." Daga nan mai kallo ya gama fim ɗin a ransa. Ya san mugun, ya san wanda za a yaudara, ya san akwai kuka a gaba. Abin da ya fi haka muni, ya raina yaron naka. Wane irin sakarai ne zai bi mutumin da ko ƙaramin yaro ya gani zai tsallaka titi? Da zarar mai kallo ya ce "ni dai da ba zan bi shi ba", ka rasa shi, ko da bai tashi daga gaban talabijin ba.

Na daɗe ina koyar da matasa wasan kwaikwayo, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka taɓa riƙe gora a bayan motar kamfe. Ban taɓa jin ɗaya ya ce ya shiga don yana ƙin wani addini ko wata ƙabila ba. Wani zai ce oga ne ya biya masa kuɗin jarrabawa. Wani zai ce lokacin da aka kwantar da mahaifiyarsa a asibiti su ne kaɗai suka zo. Ƙiyayyar daga baya take zuwa, kamar kuɗin haya: an ba ka ɗaki, ka shimfiɗa tabarma, ka saba, sannan mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Kai kuma ka fara labarinka da ƙwanƙwasa ƙofar, ba ka nuna mana ɗakin ba.

Ga yadda zan buɗe shi da ni ne. Dare, teburin mai shayi a bakin titi, janareto na ta ruri, ihun 'yan gidan kallon ƙwallo na tashi daga lungu. Yaronka na tsaye a gefe, naira hamsin ce kacal a aljihunsa, yana lissafin ko shayi ba madara ko biredi zalla. Manyan majalisa sun cika benci. Akwai wani mai fara'a a tsakiyarsu, ba jif gare shi ba, tsohuwar Golf ce, kowa Ciyaman yake ce masa. Ya ɗago kai ya ce, "Kai, ba ɗan marigayi ba ne, na masaƙa? Allahu akbar. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki. Ku matsa masa mana. Mai shayi, soya masa indomi da ƙwai biyu." Iyakar abin ke nan. Ba siyasa, ba addini. Amma wani ya tuna da ubansa a gaban jama'a, kuma an matsa masa a benci ba tare da ya roƙa ba. Ka bar kyamara a kan fuskarsa yana cin indomin a hankali, yana ƙoƙarin kada a gane yunwa yake ji. Duk wanda ya taɓa zama ɗan shekara 16 zai so ya zauna a bencin nan.

Sai ka tafi da shi sannu-sannu. Ya gyara wa Ciyaman cazar waya, aka raɗa masa Injiniya, sunan ya bi shi har unguwa. Aka ba shi hula. Aikinsa na farko liƙa fosta ne da tsakar dare, da bokitin sitaci, ana raha, ana tsere da karnuka, kuma ya kamata wannan fitowar ta zama mafi daɗin kallo a fim ɗin gaba ɗaya. Mako na gaba a ce a yage ta wancan ɗan takarar. Daga nan rakiya zuwa taron kamfe, a miƙa masa gora a ce don kariya ce kawai. Ranar da Ciyaman zai fara maganar "mutanen can", yaron ya riga ya ci ladan kuturu, aski ya zama dole. Akwai wani abu da ba ka yi amfani da shi ba ko kaɗan, alhali a hannunka yake: yaron bai kai shekara 18 ba. Ba shi da katin zaɓe. Za a sa shi gadin akwatin da doka ba ta yarda ya jefa ƙuri'a a ciki ba. Ba sai wani ya faɗa ba, ka nuna shi tsaye a gefen layi yana kallon babban yatsan mutane da tawada.

Na ce "mutanen can" da gangan. Wata rana muna gwajin wani wasa, na ba wani yaro layi mai kalmar "maƙiyanmu". Ya karanta, ya tsaya, ya ajiye takardar a cinya ya ce, "Malam, wallahi ba wanda ke magana haka a majalisa." Na ce to yaya ake cewa? Ya ce ba a ma kiran suna, sai dai a ce "su o'o", ko a nuna kudu da haɓa, kowa ya gane. Tun ranar na daina amincewa da kunnena a kan maganar matasa. Ka ɗauki rubutunka ka kai wa yaran unguwarku su karanta da ƙarfi. Inda suka yi tuntuɓe ko suka yi dariyar da ba ka nufa ba, ka sa alama.

Yanzu maganar gari. Ka rubuta Kaduna a saman shafi, amma labarin zai iya faruwa a ko'ina, kuma wannan asara ce, domin garin da kansa ya riga ya rubuta maka rabin labarin. Ka ce uban yaron ma'aikacin masaƙa ne, ka wuce. Tsaya a nan. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, irin su Arewa da UNTL, har unguwar ta zama wurin da Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe da Atyap ke shiga ƙofa ɗaya in an busa jiniya, su zauna gidan haya ɗaya, su yi layin famfo ɗaya. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa ma a Kaduna hedikwatarta take, kuma daga cikinta Adams Oshiomhole ya taso. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, kuma ma'aikata da yawa sun rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. A tsakanin nan aka yi rikicin Shari'a na watan Fabrairun 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002. Bayan su ne aka yi ta sayar da gidaje ana musaya, Musulmi suka yi arewacin kogi, Tudun Wada da Rigasa da Kawo da sauransu, Kirista suka yi kudu, Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi. Har aka kai wasu na kiran ɓangare ɗaya Makka, ɗayan Urushalima, rabi wasa rabi gaske.

Yi lissafi da ni. In ka ajiye labarin a zaɓen 2011, yaronka haihuwar 1995 ne. Yana da shekara 5 aka ɗora kayansu a a-kori-kura daga Kakuri zuwa Tudun Wada. Yana da 7 uban ya daina fita aiki. Bai tuna zaman tare sosai ba, sai ɗan ƙamshin wani abinci, da wata mata da ke goya shi in uwarsa ta tafi kasuwa. Wannan matar ita ce uwar abokinsa. Ka ga yanzu abotar ta samu saiwa, maraicin ma ya samu dalili.

Amma lissafin ya tona wani rami. A rubutunka yaran biyu kullum suna tare da yamma kamar maƙwabta. Ta yaya? Akwai kogi da gada a tsakaninsu, akwai kuɗin mota, akwai iyayen da ba sa son magariba ta yi wa ɗansu a tsallake. Dole ka nemo musu wurin da garin ke haɗuwa har yanzu: makaranta, babbar kasuwa, filin wasa na Ahmadu Bello, ko Panteka. Ni Panteka zan zaɓa, su zama yaran shago ɗaya suna koyon walda. Wurin yana da kyau a kyamara, tartsatsi da ƙarafa da ƙara, kuma a can ba a tambayar mutum inda yake salla kafin a ce ya riƙe ƙarfe. Sannan ka samu agogo kyauta. Kowace yamma abokin zai dubi rana ya ce bari ya tafi kafin gada ta cushe. Da farko magana ce ta yau da kullum. Yayin da zaɓe ke matsowa, sai ya riƙa tashi da wuri, biyar, huɗu da rabi, la'asar. Ba wanda ya ce komai, amma mai kallo na ƙirgawa.

Abokin nan kuwa, gaskiya ka zalunce shi. Ba shi da laifi, ba shi da fushi, ba shi da buri, murmushi kawai yake yi yana jiran ranar da za ka kashe shi. Wannan ragon layya ne, ba mutum ba. Ka ba shi nasa bencin a tsallaken kogi, da nasa Ciyaman ɗin, da wani ɗan'uwa da ya rasa uba a 2000, wanda ke ce masa, "Wannan abokin naka, ranar da abu ya tashi shi zai nuna ka." Ka bar shi ma ya yi shakka. Ka bar shi ya faɗi magana mai zafi wata rana. Kuma don Allah ka cire gurɓatacciyar Hausar da ka sa masa a baki don ban dariya. Yaron da ya tashi a Kakuri Hausa yake yi tar, wataƙila da ita ake wa'azi da waƙa a cocinsu. In za ka nuna bambanci, ka nuna yadda yake juyawa zuwa Turancin buroka in ya hau motar Sabon Tasha, da yadda yaronka ke jin kamar an rufe masa wata ƙofa a lokacin.

Na ga ka sa fitowar musayar abinci, naman Sallah ya tafi, shinkafar Kirsimeti ta zo. Kowa na sa wannan, har ta gaji. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne shekarar da kwanon bai tafi ba. Uwar ta zuba naman, ta rufe, ta ɗaure da ɗankwali, ta ajiye a bakin ƙofa. Yaron ya fita da hularsa ta kamfe ya tsallake shi. Da dare kwanon na nan.

Tunda na ambaci uwar, ga wurin da na fi so ka yi jarumta. Ka ɗora laifin duka a kan ɗan siyasa, kuma na san dalili: hakan ya fi sauƙi, kowa zai tafa, kowa zai koma gida da wankakken hannu. Ai dukkanmu mun iya cewa 'yan siyasa ne ke raba mu. Amma Ciyaman ba ya shuka a kan dutse. Ƙasar an riga an yi mata huɗa a tsakar gida, da 'yan ƙananan maganganu, daga bakin mutanen da muke ƙauna. Uwar yaron ba muguwa ba ce. Ƙanenta ya fita a Fabrairun 2000 bai dawo ba, ko gawarsa ba ta gani ba. In ta ji jiniya gabanta faɗuwa yake. Ita ce ta ɗaure kwanon naman, kuma ita ce wata rana, tana tsince shinkafa, za ta ce, "Mutanen nan dai ba a shaidarsu." Duka biyun gaskiyarta ne. Kada ka yi mata ba'a, kada kuma ka wanke ta. In mai kallo ya ji muryar gwaggonsa a bakinta, ya yi shiru, to fim ɗin ya fara aiki.

Batun sunan jam'iyya, amsar gajera ce: a'a. Ka ƙirƙiri taka, da tambarinta da launinta, kuma ka duba da kyau. Lema da tsintsiya da alƙalami da masara duk an riga an yi tambarin jam'iyyu da su, jar hula ma ta riga ta zama magana. Ka sa ɗan takarar ya zama na majalisar jiha, wanda babu shi, babban zaɓen kuma ya tsaya a rediyon mai shayi. Ba tsoro ba ne. Fim zai bi ta hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, in kuma kana son kasuwar Kano akwai tasu hukumar tun 2001. Ko ba don su ba, ranar da ka ambaci jam'iyya rabin masu kallo za su daina bin yaron su koma kare gidansu. In ka tsaya a 2011 kuma, ka kula da kaya: saƙon tes da 2go da ƙananan Nokia ne a hannun yara, acaɓa ne ya cika titi, kuma gadar Kawo ta yanzu ba ta nan, kada ta leƙo a bayan jaruminka.

Shafuka goma sha ɗaya ka ba rikicin, da adda da jini da wuta. Rage su sosai. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16 ga Afrilun 2011, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ce a rikicin da ya biyo bayansa an kashe sama da mutum 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, mafi yawa a jihar Kaduna, musamman wajen Zonkwa da Kafanchan. Waɗanda suka tsira suna nan da ransu, daga kowane ɓangare, kuma za su kalli fim ɗinka a wayar 'ya'yansu. Ba sa buƙatar ka koya musu kamannin gawa. Banda haka, kuɗinka ba zai kai ka shirya tarzoma mai kama da gaske ba, sai dai yara ashirin na gudu da jan kala a riga, a yi ta dariya. Ka yi aiki da kunne: ƙarar da ke matsowa, hayaƙi daga kan katanga, waya na ta ƙara ba a ɗauka, sanarwar dokar hana fita, ƙanwarsa na tambaya ko gobe akwai makaranta.

Sai ƙarshen. Mutuwar abokin da nasihar bakin kabari, su ne suka mayar da fim ɗin wa'azi. Ka kashe yaro ɗaya don ɗayan ya koyi darasi, sannan ka sa shi ya karanto mana darasin kamar hadda. Tuba ba ta zuwa haka. Dubi Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, a nan Kaduna. A rikicin 1992 kowannensu na jagorantar matasan ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sai a 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare, kuma su da bakinsu sun sha faɗa cewa yarda da juna ta ɗauke su shekaru. Manya ke nan, malamai. Kai kana so ɗan shekara 16 ya gama wannan tafiyar a fitowa ɗaya, har ya juyo ya yi wa wasu huɗuba.

Gwada wannan ka gani. An tare hanya, an ƙona taya, yaronka na cikin masu tarewa da gorarsa. Aka tsayar da wata mota, aka fito da mutane, sai ga abokinsa da rigar aikin Panteka. Wani ya juyo ya ce, "Injiniya, ka san wannan?" Idonsu ya haɗu. Yaronka bai ce e ba, bai ce a'a ba. Shiru ya yi, na daƙiƙa biyar, ka bar su su cika biyar ɗin. Wanda ya ceci abokin wani ne dabam, mai shayin nan, wanda tun farkon fim ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Ya kutso ya kama hannunsa ya ce yaron shagon ƙanensa ne, ya ja shi cikin lungu. Ba wanda ya mutu a gabanmu. Abokin na raye, kuma ya ga shirun, kuma yaronka ya san ya gani. Wannan ya fi kabari nauyi, don kabari ba ya haɗa ido da kai.

Bayan wata biyu a buɗe shago. Mai gida ya raba aiki kamar kullum. "Ina kwana." "Lafiya." Ɗaya ya riƙe ƙarfe, ɗaya ya sauke gilashin walda a fuskarsa. Ko za su sake zama abokai, ka bar masu kallo su yi ta gardama a kai a hanyar gida. Hular kamfen kuwa, in kana so, a ga an mayar da ita tsumman goge hannu, amma kada kyamara ta tsaya a kanta fiye da ƙiftawar ido.

Kafin ka taɓa sauran, ka sake rubuta shafi na 9 kaɗai. Sharaɗin shi ne Ciyaman ba zai ambaci zaɓe ko addini ba, kuma in na gama karantawa in ji ina son mutumin. Ka aiko min in gani. In za ka ɗauki yaran da ba su kai 18 ba a fim ɗin, ka fara zuwa wajen iyayensu da kanka, ka kuma gaida mai unguwa kafin ka kafa kyamara a lungun kowa, musamman ranar da za a fito da gora.